Fatsar da Na Kai wa Abba

Tun da na dawo daga Amurka ba a bar ni na huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a teburin Idi mai shayi, har a gona ina sunkuye sai wani ya tsaya a kan iyaka ya ce, "Malam Ɗahiru, wai ya ƙasar take?" Sai in ce lafiya lau, akwai sanyi, akwai ruwa. Idi ya ce wanda ya je cin kasuwar Gezawa ma ya fi ni dawowa da labari. Gaskiya ya faɗa. Bakina ne ya ƙi buɗewa, shi ya sa na nemi takarda. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, a yi haƙuri da rubutun.

Ɗana na je gani. Shi ne ɗan farinmu, kuma shi kaɗai ne namiji da ya rayu. Sunan mahaifina aka sa masa, don haka Abba muke ce masa. Ya tafi karatun kiwon kifi, karatu ya ƙare, ya zauna. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Da ciwon mahaifiyarsa Hajara ya tsananta, takardarsa ta izinin zama ba ta fito ba, in ya bar ƙasar ba zai iya komawa ba. Ya yi ta kira a waya, ita kuma ta yi ta ce masa da sauƙi.

Saura kwana biyu ta cika, ta sa aka kira ni. Ta ambaci sunansa na yanka, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba tun ranar suna.

"Malam, ka gaya wa Nasiru na yafe masa. Amma ya zo ya ga inda aka sa ni. Kada ka faɗa masa a waya. Baki da baki."

Wannan saƙo shi ya kai ni. Bayan rasuwarta da shekara ɗaya takardar Abba ta fito, ya aiko mini da gayyata. Kafin in tafi na sa aka yaɓe ɗakinsa na ƙuruciya, aka canza ƙyaure.

Na tashi da damina, bayan an gama maimai, na bar gero da gyaɗa a hannun Sule ɗan ƙanena. Tsarabar da na haɗa ita ce kuka, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli da kilishi. A Ɗambatta, kafin motar Kano ta cika, na ratsa wurin Ɗan'asabe mai kayan su, wato kamun kifi. Da rani nakan yi su a dam ɗin da ke kusa da garin, can na koya wa Abba ɗaurin fatsa tun yana ɗan shekara bakwai: a naɗe sau bakwai, a jiƙa da yawu, sannan a ja. Na san yanzu a jirgin kamun kifi yake aiki, sai na ga ba tsarabar da ta fi fatsa dacewa. Ɗan'asabe ya zaɓo mini manya, na tarwaɗa, ya gwada kunnen ɗaya a farcensa. Kunne shi ne ɗan tsinin nan da ya juya baya a ƙasan baki, mai hana fatsa fita.

"Wannan in ta shiga, Malam, sai da wuƙa," in ji shi. "Ka ce wa Abba Turawa ba su da irinta."

Daga Kano jirgi ya kai mu Habasha, muka canza wani. Allah Ya haɗa ni kujera da wata Hajiya 'yar Kano da za ta je wa 'yarta wankan jego. Ita ta nuna mini yadda ake ɗaura ɗamarar kujera, ita ta hana ni cin wani abu mai kama da man shanu da ta ce cuku ne mai wari. Da na tambaye ta gabas, ta ce, "Malam, a nan ko'ina ka duba sama ce. Yi sallarka a zaune, Allah Ya san inda ka nufa." Rabin tafiyar tana ba ni labarin surukinta da ba ya durƙusa mata. Na ji daɗin surutunta, don ya hana ni tunani.

A filin jirgi na farko a Amurka wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Aka kai ni gefe, aka zazzage komai a tebur. Jami'in ya shinshina daddawa ya ja da baya, na kusa da shi ya yi dariya. Kuka da yaji suka bar mini. Kilishin suka jefa a wani babban bokiti a gabana, wai nama ba ya shiga. Daga nan ya ɗauki ƙunshin fatsa, ya buɗe, ya yi murmushi, ya kwaikwayi mai jan kifi da hannunsa, ya miƙo mini. Na yi masa godiya. Da ma ita suka jefa a bokitin suka bar mini kilishin.

Jirgi na uku ya sauke ni a jihar da ake kira Oregon. Abba yana tsaye a bakin ƙofa. Furfura ta fara fito masa a gemu. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane, Turawa suna ratse shi suna waiwaye.

"Sannu da hanya, Baba. Ya haƙuri?"

"Mun gode Allah. Tashi, ana kallonka."

Iyakar gaisuwar ke nan. Wanda ya san yadda muke da ɗan fari ba zai yi mamaki ba.

Mun yi kusan awa uku a mota zuwa ɗan garin da yake zaune a bakin teku. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙasa a kwance ba mai nomanta, itatuwa kawai. A wajenmu ba taku ɗaya da ba shi da mai shi, har gefen hanya sai an soka wake. Gidansa na katako ne, ana takawa yana ƙara. Ba zaure. Maƙwabcinsa yakan ɗaga hannu daga cikin mota, shi ke nan an gaisa. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, na rasa gane la'asar da magariba sai da agogon da ya liƙa mini a bango. Hausarsa ta yi nauyi, yakan tsaya ya nemi kalma. A rana ta biyu na nuna masa yadda Innarsa take kaɗa kuka, ya tuƙa tuwon garin masara. Ya yi loma uku, ya tashi wanke hannu, ya daɗe bai fito ba.

Kwana tara ina neman bakin da zan faɗi saƙon. In muna cin abinci in ce bari a gama. In an gama in ga ya gaji. Sai ya zo mini da labarin cewa maigidansa, wani dattijo mai jirgi da ake kira Ron, ya ce ranar Talata ba za su ɗauki baƙi ba, ni za a kai teku. Aikinsu ke nan, ɗaukar masu sha'awar kamun wani kifi da ake kira samon. Na ce a raina, to, a kan ruwa zan faɗa masa, tunda a kan ruwa ne kawai ni da shi muka taɓa yin hira.

Ranar Litinin da hantsi yana wurin aiki, ni kaɗai a gida, zaman ya ishe ni. Na buɗe akwatin kayan da ya ce da su za mu fita. Ba na ɓoye cewa aikin ya burge ni. Ba tana suke sawa ba, ba hanjin kaza ba. Akwai wani faranti dogo mai ƙyalli, tsawonsa kusan kamu ɗaya, wanda ke juyawa a ruwa ya jawo hankalin kifi. A bayansa zare kamar kamu biyu, sannan wata roba mai launi da aka tsattsaga gindinta kamar gezar rawani. A cikin gezar nan fatsa biyu suke ɓoye, ɗaya a bayan ɗaya. Na buɗe gezar ta farko sai na ga kunnen fatsar a mutse, ya kwanta. Ta biyu haka. Duk guda shida haka.

Tausayi ya kama ni. Na ɗauka tsufa suka yi yana ta lallaɓawa, ko kuwa an cuce shi a kanti, ko ya manta abin da na koya masa. Na ɗauko ƙunshin Ɗan'asabe, na zauna a bakin ƙofa inda rana take, na yanke nasa na ɗaura nawa, biyu-biyu kamar yadda na tarar, kowace naɗi bakwai. Na ja gezar ta rufe su. Tun rasuwar Hajara ban yi wani aiki da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Na ce ba zan faɗa ba sai kifi ya kama, ya gani da idonsa.

Da asuba muka fita. Ron dogo ne, jajir, hannunsa kamar na maƙeri. Ya sa mini rigar hana nutsewa, ya ba ni ƙwayar maganin jiri. A inda kogi ya haɗu da teku jirgin ya riƙa miƙewa tsaye yana faɗowa, na yi kalmar shahada, na amayar da shayina. Ron ya bubbuga bayana ya faɗi wani abu.

"Ya ce kowa da haka ya fara, Baba. Ya ce wani soja ma a nan ya yi ta kiran uwarsa."

Da ruwa ya lafa Abba ya fara shiri. Ni na riƙa miƙa masa kayan daga akwati, shi yana maƙalawa. Kowane zare sai ya haɗa shi da wani dunƙulen dalma mai nauyi da ke kai shi ƙasa, jirgi kuma yana tafiya a hankali yana jan su. Sanda uku, kowa da tasa, doka ba ta yarda da ƙari ba. Da duk suka shiga ruwa sai ya zo ya zauna kusa da ni, fuskarsa a sake, irin yadda ban gan ta ba tun zuwana.

"Baba, bari in gaya maka ƙa'ida. Kifin nan iri biyu ne. Akwai wanda gwamnati ta ƙyanƙyasa ta saki, shi an yanke masa ɗan fiffiken nan na kusa da wutsiya tun yana ƙarami. Shi za mu ɗauka. Wanda fiffikensa yake nan na daji ne, dole a sake shi, ko cikin jirgi ba a shigo da shi."

"A kama kifi a sake shi? Da me za a yi miya?"

Ya yi dariya. "Sun kusa ƙarewa ne. A kogi ake haifarsu, su fito teku su yi shekaru, sannan su koma kogin da aka haife su, su yi ƙwai. Waɗanda muke bi yanzu duk a kan hanyar gida suke." Ya dubi ruwa. "Shi ya sa muke mutse kunnen fatsa da filaya, don ta zare ba tare da ta yaga shi ba. Baki ɗaya, ba kunne, kuma kada ta wuce biyu a zare. Wanda aka kama da mai kunne, kotu ce."

Na ji maganar nan sarai. Ba zan ce ban gane ba. Da a lokacin na buɗe baki, da an naɗe zare an canza, magana ta ƙare. Amma Ron yana tsaye yana murmushi yana miƙo mini kofin shayi, ɗana kuma yana alfahari da ni, ya gaya masa ubansa babban masunci ne. Ta yaya zan ce na ɓata kaya a gaban maigidansa? Na ce bari in jira Ron ya koma wurin tuƙi. Da ya koma na ce bari in gama shayin. A can ƙasan raina kuma akwai mai ce mini, teku ce fa, wa zai gani?

Ban gama shayin ba sandata ta lanƙwashe.

Ban taɓa jin ƙarfi irin wannan a zare ba. Tarwaɗa nauyi gare ta, wannan gudu gare shi. Ya yi tsalle sau biyu, fari tas kamar sabuwar tasa. Abba yana gefena yana cewa, "Sassauta, Baba! Yanzu naɗe! Naɗe!" da Hausar da ba ta tsaya neman kalma ba. Allah Ya yafe mini, na manta da komai. Da na jawo shi jikin jirgi Abba ya leƙa ya ce, "Kash, na daji ne. Ba komai, za mu samu wani."

Ya sunkuya da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa, ya kama zaren ya murɗa, yadda na ga alama ya yi sau dubu. Fatsa ba ta fita ba. Ya sake gwadawa. Kifin ya yi fizga, jini ya fito ta gefen kansa ya baje a ruwa. Ta bayan ta shige can maƙogwaro. Abba ya tura gezar robar sama da yatsa. Ya ga kunnen. Ya ga ɗaurin. Na ga leɓensa yana motsi, ƙirga naɗin yake.

Ya ɗago ya dube ni.

Ya yanke zaren. Kifin ya juya cikinsa sama, ya bi bayan jirgi yana lilo, tsuntsaye suka fara sauka. Ron ya yi wata magana da ƙarfi, suka hau naɗe sauran sanduna biyu. Ba su gama ba wani jirgi mai launin toka ya nufo mu. Ashe tun ɗazu 'yan sintirin kifi suna kallonmu da madubin hangen nesa.

Mace ce ta shigo jirginmu, yarinya sa'ar autata, da ladabinta, har ta gaishe ni. Ta duba takardunmu. Ta ɗauki robar farko ta buɗe geza, ta soka fatsar a wani ɗan ƙyalle, ta ja baya. Ta kama zare. Ta gwada ta biyu, ta buɗe akwati ta gwada sauran. Ta yi tambaya.

Na kama hannun Abba. "Gaya mata ni ne. Gaya mata baƙo ne ni, ban sani ba."

"Baba, yi shiru."

"Na ce ka gaya mata!"

"Don girman Allah, Baba, ka zauna."

Na dafa ƙirjina ina nuna mata kaina, Turancin firamare ya gudu ya bar ni. Ta dubi Abba tana jiran fassara. Abin da ya faɗa mata gajere ne, kuma na tsinci kalma ɗaya da na sani, wadda mutum ke faɗa in abu nasa ne. Ta rubuta takarda ta ba shi. Ron bai sake duban inda nake ba har muka sauka.

Muka shiga mota muka kama hanya. Da ya tsaya a ƙofar gida bai kashe injin ba.

"Me ya sa ba ka bari na faɗa ba?" na ce.

"Aikina ne in duba kowace fatsa kafin ta shiga ruwa. Ban duba ba. Kai kuma da bizar ziyara kake, ba na so a rubuta sunanka."

"Za su kore ka?"

"Ron zai huce." Ya murza fuskarsa da tafin hannu. "Ba wannan ba ne, Baba. Zo ka gani."

Ya kai ni ɗakinsa, ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado. Atamfofi ne da takalman yara, kowane da sunan mai shi a liƙe, ƙannensa da 'ya'yansu, har Sule. Ya ce ya riga ya nemi hutu, ya yi niyyar biyo ni da kaka in lokacin kamun kifi ya rufe. Ya so ya ɓoye ne sai ranar da zai raka ni filin jirgi. Ranar da aka rubuta masa ta zuwa kotu a tsakiyar hutun ta faɗo.

Washegari ya kira lauyar da ta yi masa aikin takardu. Ta ce laifin ba babba ba ne, amma mai irin takardarsa kada ya kuskura ya bar ƙasar da shari'a a kansa, kuma ko an gama sai ta duba abin da aka rubuta kafin ta ce ya tafi. Ban gane duka ba. Na gane dai ba zai zo ba.

Sauran kwanakin na yi su a ɗaki. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai sake tayar da maganar ba. Kullum sai ya tuƙa tuwo. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A filin jirgi ya sake durƙusawa. Na ga in ban faɗa yanzu ba, ba ni da wani lokaci.

"Innarka ta ba ni saƙo. Ta ce baki da baki."

Ya sunkuyar da kai.

"Ta kira sunanka. Ta ce ta yafe maka."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Can ya ce, "Shi ke nan abin da ta ce, Baba?"

Na dubi furfurar gemunsa. Na tuna jakar da ke ƙarƙashin gado. Yaya zan ce wa mutum ya zo, bayan ni na rufe masa hanya da hannuna?

"Shi ke nan," na ce.

Na dawo na tarar gero ya yi kyau, Sule ya riƙe amana. An ɗage shari'ar sau ɗaya, an sake ɗagewa. Kaka ta wuce, wata ta zo. Duk Juma'a yakan kira, in ce masa kowa lafiya. Ƙafafuna sun fara kumbura irin yadda na mahaifina suka yi a shekararsa ta ƙarshe, wannan ma ban gaya masa ba. Idan na je maƙabarta nakan yi wa Hajara addu'a daga tsaye in juya da sauri, don rabin saƙonta yana wurina har yanzu.

Wannan shi ne labarin Amurka, Idi. Ƙasa ce mai sanyi da ruwa, kamar yadda na faɗa muku.

Jiya Sule ya zo ya ce rumbu ya cika, gyaɗa tana waje, ga ɗakin Abba a rufe ba kowa, ko a zuba a ciki kafin ya zo? Na daɗe ina riƙe da mabuɗin. Sannan na miƙa masa.